Ruwa a Kan Mai Ruwa

Shekara talatin da biyu Baba Tanimu na tura kura
daga burtsatsen bayan masallacin Idi-Araba
zuwa lungunan Mushin, jarka goma sha biyu a sahu,
matan Yarbawa na leƙowa ta taga: Mairuwa! Mairuwa!
Bai taɓa rubuta bashi ba, bai kuma taɓa manta na kowa ba.

Bana ƙafarsa ta fara kama ƙasa.
In ya miƙe zai tafi, sai ka ce an shafa masa ƙaro a tafin sawu.
Yana kirana da sunan yayata da ta rasu.
Da asuba mu wanke zanen gado, ba mai cewa uffan.

Likita ta ce wataƙila ruwa ne.
Na ce, wane ruwa?
Ta ce na cikin kai, kowa da nasa, garau kamar hawaye,
ƙwaƙwalwa a kansa take kwance
yadda kwalekwale ke kwana a Makoko.
Akwai wata mashiga da yake bi, siririya kamar tsinken tsintsiya.
Nan za mu auna gudunsa.

A bakin ƙofa Madam Oyelaran ta sa aka raba shi da ƙarfe:
zobe, agogon da ya daɗe da tsayawa,
makullin kwaɗon kurar da muka sayar bara bai sani ba.
Maganaɗisun nan ba ya barci, in ji ta, ko an ɗauke wuta.
Ta maƙala masa wani abu mai jan haske a yatsa
don na'ura ta bi sawun zuciya,
wai ruwan da kiɗan zuciya yake rawa.

Gadon ya zarce da shi cikin farin rami, sai tafin ƙafa nake gani.
Ƙara ta tashi, kamar masu bugun bodi a Ladipo
sun haɗu kan mota guda.
Saboda Baba ba ya jin Turanci aka bar ni bayan gilashi,
bakina a kan abin magana:
Baba, kar ka motsa. Baba, saura kaɗan.

Allon toka-toka ne, kamar talabijin da eriya ta faɗi.
Na kasa ganin ubana a ciki.
Sai ta nuna min da bakin biro, wani ɗigo a tsakiya:
fari, baƙi, fari, baƙi.
Wannan sauka, wannan komawa.
Ruwan ƙarƙashin doguwar gada ma haka yake,
ya cika da safe, ya janye, ya sake cika,
sai dai na Baba da kowane bugu yake yin nasa.
Ta zana masa da'ira. Lambobi suka jeru.

Ya fi ƙa'ida sauri, in ji likita daga baya,
yana ta kai-kawo, ba ya samun mafita.
Kamar ɗigo biyu ne a bugu.

Ɗigo biyu.
Mutumin da ya hau tudun Ojuwoye da lita ɗari uku a gabansa.

Ba ta yi mana alkawari ba. Ranar Alhamis
za a zuƙi kaɗan ta gadon baya, a sa shi ya taka a baranda,
a ƙirga sawunsa da agogo.
In ƙafa ta saki, a yi maganar siririn bututu, da kuɗinsa.

A keken komawa gida cunkoso ya riƙe mu gaban kasuwa.
Wani yaro ya wuce da kura, gumi har gira,
ruwa na bin bayansa a kan kwalta.
Baba ya bi shi da ido, ya dafa gwiwata:
Ladiyo, gaya masa ta ƙarshen nan ba ta da murfi.

Na leƙa na ƙwala wa yaron kira.
Sai da muka kai kwanar gida
na lura da sunan da ya kira ni.